Idon ɓera rarrauna ne, to ta yaya yake gane hanya da alamomi?

Tambaya: Malam, ɗalibin ilimin halittu ne ni. An koya mana cewa ɓera ba ya gani sosai, da hanci da gashin baki yake rayuwa. Sai kuma na ji ana cewa masana suna koya wa ɓeraye gano wuri ta hanyar kallon alamomin da ke jikin bango. Ta ina waɗannan maganganu biyu suka haɗu? Kuma da wannan sani ake haifarsa, ko koya yake yi?

Amsa: Ɗan'uwa, duka biyun da ka ji gaskiya ne, kuma ba su ci karo da juna ba. Idon ɓera rarrauna ne kam, amma aikin da yake ɗora wa idon ba ya buƙatar kaifin gani. Tambayarka ta biyu kuwa, da kayan aikin ake haifarsa, sai dai a kowane sabon wuri dole ya koyi abin da zai dogara da shi da abin da zai yi watsi da shi. Wannan koyon shi ne gundarin maganar, a kansa zan fi daɗewa.

Mu fara da idon. An auna kaifin ganin ɓeran ɗakin gwaji, mai baƙin ido, an tarar ya gaza na mutum da kusan ninki talatin. Wato zanen da kai za ka bambance daga nisan mita 30, shi sai ya matso kamar mita ɗaya. Farin ɓera mai jan ido ya fi haka muni, ganinsa rabin na ɗan'uwansa ne. Launi ma kaɗan yake rarrabewa, ja a wurinsa kusan duhu ne. Amma idanunsa a gefe da gefen kai suke, don haka a kallo ɗaya yana ɗaukar gabansa da gefunansa da samansa. A 2013 wasu masana a Tübingen ta Jamus suka ɗaura wa ɓeraye 'yan mitsi-mitsin kyamarori a ka, suka ga cewa ko ɓera na gudu, idanun suna juyawa ta yadda sararin da ke bisa kansa ba ya ɓace masa. Dabbar da shaho da mujiya ke farauta dole ta zama haka. To irin wannan ido ba zai karanta rubutu ba, amma zai gane cewa taga mai haske tana wancan ɓangare, baƙar ƙofa tana wannan, doguwar durowa tana tsakaninsu. Mai neman alƙibla iyakar abin da yake buƙata ke nan.

An daɗe kafin masana su yarda da hakan. Tun 1901 Willard Small ya fara saka ɓeraye cikin akwatin lunguna a Jami'ar Clark da ke Amurka. Bayansa John Watson ya yi ta raba ɓeraye da gani ko ji ko sansana, ya ga duk da haka suna bin lungunan da suka saba, sai ya yanke cewa jikinsu ne kawai ya haddace jerin motsi: taku kaza, juya dama, taku kaza, juya hagu. A 1908 shi da Harvey Carr suka gajarta wani lungu da ɓerayen suka saba bi, sai ga su suna zuwa a guje suna buga hanci da bango, alhali bangon yana gabansu ƙuru-ƙuru. Hujja ce mai ƙarfi, kuma akwai gaskiya a cikinta da za mu dawo kanta. Matsalarta ita ce an gwada ɓeran da ya riga ya bi hanya ɗaya har ta zame masa jiki, cikin lungu mai dogon bango inda babu abin kallo.

Edward Tolman na Jami'ar Kalifoniya a Berkeley shi ne ya tsaya kai da fata cewa abin ya wuce haddar motsi. A 1930 shi da Charles Honzik suka bar wasu ɓeraye suna yawo cikin akwatin lunguna kwana goma ba a ajiye musu komai a ƙarshe ba. Ba su nuna alamar sun koyi wani abin kirki ba. A rana ta 11 aka ajiye abinci. Washegari kurakuransu suka faɗi warwas, suka kamo waɗanda ake ba abinci tun ranar farko. Ashe duk wancan yawo da ake gani kamar na banza, karatun wurin suke yi, dalilin nuna shi ne bai samu ba. A 1948 Tolman ya ce ɓera yana gina taswira a ƙwaƙwalwarsa. Da yawa daga abokan aikinsa sun ƙi maganar, don a lokacin babu mai iya nuna inda taswirar take.

Gwajin da ya fi fito da rawar da ido ke takawa shi ne na Richard Morris, wanda ya bayyana a 1981 yana Jami'ar St Andrews a Sukotilan. Ka ɗauki wani ƙaton baho zagayayye, faɗinsa daga mita ɗaya da 'yan kai zuwa mita biyu, ka cika shi da ruwa, ka zuba madara don kada a ga ƙasa. A wani gefe ka kafa ɗan dakali wanda ruwa ya rufe samansa da kamar santimita ɗaya ko biyu. Ɓera gwanin iyo ne, amma ba ya son zama cikin ruwa, don haka zai nemi wurin tsayawa. Dakalin ba ya ganuwa, ruwa kuma ba ya riƙe sawun wari yadda ƙasa ke yi. Ranar farko za ka ga ɓeran ya manne da gefen baho yana zagayawa yana karce bango da farce. Can sai ya saki gefe ya shiga tsakiya, ya yi karo da dakalin bisa dace, ya haye. Abin da yake yi bayan ya haye shi ne abin lura: yakan miƙe a kan ƙafafun baya, ya juya nan, ya juya can, yana kallon ɗakin. Cikin 'yan kwanaki, ta kowace kusurwa ka sake shi, ko wadda bai taɓa tashi daga ita ba, zai nufi dakalin kusan kai tsaye. Haddar motsi ba za ta yi wannan ba, tunda kowace mafara da irin juyin da take buƙata. Ka cire dakalin gaba ɗaya, zai yi ta kai da komo a daidai gurbinsa. Ka zagaye bahon da labule ya daina ganin ɗakin, sai nemansa ya watse. A 1982 Morris da abokan aikinsa suka nuna cewa ɓeran da aka lalata wa wani sashen ƙwaƙwalwa mai suna hifokamfas ba ya iya gano ɓoyayyen dakalin da kyau, amma idan aka ɗaga shi sama da ruwa yana ganinsa, zai je ba wata matsala. Ke nan zuwa wurin abin da kake gani daban, lissafa wurin abin da ba ka gani daga alamomin nesa daban.

Wannan hifokamfas ɗin shi ne inda John O'Keefe da ɗalibinsa Jonathan Dostrovsky suka ci karo da abin mamaki a Landan a 1971. Sun saka siraran wayoyi suna sauraron ƙwayoyin jijiya ɗaya-ɗaya a ƙwaƙwalwar ɓera yana yawonsa. Sai suka ji wata ƙwaya tana shiru, amma da zarar ɓeran ya taka wani gurbi na musamman sai ta ɓarke da aiki, ya wuce ta yi tsit. Wata ƙwayar kuma da nata gurbin. Su ake kira ƙwayoyin wuri. A 1987 Robert Muller da John Kubie a Brooklyn suka yi gwajin da ya ɗaure waɗannan ƙwayoyi da ido. Sun yi wani zagayayyen fili mai faɗin santimita 76, bangonsa ruwan toka, babu komai a jiki sai farin kwali guda ɗaya. Suna watsa gutsattsarin abinci, ɓera na bi yana tsinta, su kuma suna zana gurbin kowace ƙwaya. Sai su fitar da ɓeran, su sauya takardar da ke shimfiɗe a ƙasa don kawar da wari, su matsar da kwalin digiri 90, wato kashi ɗaya cikin huɗu na zagayen, su maido shi. Gurabun ƙwayoyin duka sai su juya digiri 90, su bi kwalin. Farin kwali ɗaya tak ya juya wa ɓera duniyarsa. Da suka cire kwalin ɗungurungum, gurabun ba su rushe ba, suna nan da girmansu da nisansu daga bango, sai dai taswirar kan iya karkata ta fuskanci wani ɓangare dabam. Wannan ya nuna kwalin ba shi ne ke ƙirƙirar taswirar ba, aikinsa shi ne ya kafe ta, ya ce nan ne gaba.

Dalili kuwa shi ne ɓera yana da wani lissafin na cikin jiki wanda ba ruwansa da ido. Can cikin kunnensa akwai sassan da ke jin juyawar kai, ƙafafunsa kuma suna ba da labarin tafiyar da aka yi. Daga nan ƙwaƙwalwa ke tara cewa an yi nisa kaza, an karkata kaza, gida yana ta can. A 1984 James Ranck ya gano ƙwayoyin da ke aiki kawai idan kan ɓera ya fuskanci wata alƙibla, ko a ina yake tsaye, kuma Jeffrey Taube ya yi cikakken bayaninsu tare da shi da Muller a 1990. A 2005 kuma ɗakin gwajin May-Britt Moser da Edvard Moser a Trondheim ta Norwe ya gano wasu ƙwayoyin da gurabunsu ke jere a fili kamar saƙar zuma, waɗanda ake ganin su ne ma'aunin nisa. Wannan aiki da na O'Keefe ne suka ci kyautar Nobel ta fannin likitanci a 2014. Amma lissafin cikin jiki yana da aibi guda: kuskure yana taruwa. Kowane juyi da ɗan kuskurensa, in aka jima a duhu sai alƙiblar ta zame sannu a hankali. Alamar da ido ke gani ita ke gyara wannan zamewa, kuma da sauri take yi. An auna ƙwayoyin alƙibla suna komawa daidai cikin ƙasa da kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa bayan an kunna fitila ɓera ya ga alamar da ya sani.

To ga inda koyo ya shigo. Ba a haifi ɓera da sanin cewa farin kwali abin dogaro ne ba. Baƙon da ya shiga babbar kasuwa yana iya riƙe hasumiyar masallaci a matsayin alama, yana kuma iya riƙe wata jar mota da aka ajiye a bakin layi. Da farko dukansu suna aiki. Ran da ya dawo ya tarar motar ta koma wani layi, daga ranar ya daina lissafi da ita, hasumiya kuwa ta ƙara samun amincewarsa. Haka ɓera yake yi, kuma ma'aunin da yake gwada alama da shi shi ne wancan lissafi na cikin jikinsa. Idan duk lokacin da jikinsa ya ce masa ya fuskanci wannan ɓangare sai ya ga kwalin a nan, alaƙar da ke tsakanin siffar kwalin da ƙwayoyin alƙibla sai ta yi ta ƙarfi, har ta kai kwalin ne ke gyara lissafin jikin. An nuna cewa zaman minti takwas tare da sabon kwali ya isa ya fara jan ƙwayoyin alƙibla idan aka juya shi.

James Knierim da abokan aikinsa a Arizona sun gwada ɗaya gefen maganar a 1995, kuma a ganina gwajinsu na cikin mafi kyawun da aka yi a wannan fage. Sun raba ɓeraye gida biyu. Na farko ana kai su filin gwaji a fili, suna ganin hanya. Na biyu kuwa kafin kowane shiga sai a saka su cikin rufaffen akwati a yi ta juya su har lissafin jikinsu ya rikice. Kwali ɗaya ne, wuri ɗaya yake, ba wanda ya taɓa shi. Amma ga ɓeran da aka rikita, yau kwalin yana bayyana ta inda jikinsa ke cewa gabas, gobe ta inda yake cewa kudu. A wurinsa kwalin ne ke yawo. Da aka zo gwaji, kwalin ya riƙe taswirar 'yan rukunin farko gam, amma a rukuni na biyu riƙon ya yi rauni, sau da yawa taswirar takan juya abinta ba ta kula da shi ba. A 1999 Kate Jeffery da O'Keefe suka ƙara da cewa idan ɓera ya ga ana matsar da kwalin da idonsa, sannu a hankali ƙwayoyin wurinsa sukan daina bin sa, su koma ga lissafin jiki. Ka lura da abin da wannan ke nufi: girman alama ko haskenta bai isa ya ba ta matsayi ba, tarihinta a idon ɓeran shi ne ke ba ta.

A ɗabi'a ma an ga haka, ba a cikin ƙwayoyi kaɗai ba. A 1993 Robert Biegler da Morris, a Edinbara, suka binne abinci a wani tsayayyen nisa da alƙibla daga wata alama da ke tsaye cikin fili. Ga wasu ɓerayen alamar tana wuri ɗaya kullum. Ga wasu kuwa ana matsar da ita tare da abincin daga gwaji zuwa gwaji. In ka duba da kyau, a rukuni na biyu alamar ce kaɗai ke faɗin inda abinci yake, don haka da sai a zaci su za su fi riƙe ta. Sai aka samu akasin haka. Sun koyi cewa wannan alamar ce mai abinci, suna zuwa wurinta, amma ba su koyi takamaiman gurbin da za su tona ba kamar yadda 'yan rukunin farko suka koya. Kada dai a wuce gona da iri da wannan sakamako. John Pearce da abokan aikinsa a Cardiff sun nuna a 1998 cewa ɓera yana iya koyon cewa dakali yana ɗan nisa kaza arewa da wata alama ko da ana matsar da ita. Har ma sun ga wani abu da ke ba ni sha'awa ƙwarai: duk ranar da aka kai alamar da dakalin sabon wuri, a shigar farko ɓerayen da aka lalata wa hifokamfas sun riga masu lafiya isa, saboda masu lafiyar taswirarsu tana jan su zuwa wurin jiya. Wato hanyoyi biyu ne ke aiki a lokaci guda, ɗaya tana bin alama guda, ɗaya tana bin tsarin ɗakin gaba ɗaya, kuma wani lokaci sukan ja ɓera ɓangare biyu.

Nisa ma yana da tasiri. A Marseille ta Faransa, a 1997, Arnaud Cressant da Muller da Bruno Poucet suka ajiye abubuwa uku tsaye a tsakiyar fili, suka juya su, ƙwayoyin wuri ba su bi su ba. Da suka jingina waɗannan abubuwan dai da bango, suka juya, sai taswirar ta bi. Dalilin a fili yake in ka sa kanka a matsayin ɓeran. Abin da ke tsakiya kana iya zagaya shi, yanzu yana damanka, an jima yana hagunka, an jima yana bayanka, ba zai gaya maka ina ne gabas ba. Abin da ke can nesa kuwa, duk inda ka tsaya kusan ta ɓangare ɗaya za ka gan shi. Saboda haka na nesa shi ke ba da alƙibla, na kusa da bangaye su ke ba da nisa. Rarraunan ido kuma bai hana ganin babban abu mai nisa ba.

Ba kuma ɗaya-ɗaya yake riƙe alamomin ba, tsarinsu yake riƙewa. David Olton na Jami'ar Johns Hopkins ya ƙera wani dandali mai rassa takwas a 1976, kowane reshe da ƙwayar abinci a ƙarshensa, ya ga ɓera na cinye su da wuya ya maimaita reshen da ya riga ya shiga. A 1980 wasu masana a Kanada suka rataye alamomi daban-daban a bayan rassan irin wannan dandali. Idan ɓera ya ci wasu daga ciki aka juya alamomin gaba ɗaya ba tare da an ɓata jerinsu ba, sai ya bi su, ya shiga rassan da suka dace da sabon tsayuwarsu. Idan kuwa aka cakuɗa su, wannan ta koma gurbin waccan, sai ya rikice kamar an kawo shi sabon wuri, alhali duk alamomin suna nan. Siffar wurin kanta alama ce, wani lokaci har takan danne sauran. Ken Cheng ya nuna haka a 1986 da akwati mai tsawon santimita 120 da faɗin 60, kowace kusurwa da adonta daban. Ya nuna wa ɓera inda abinci yake, ya fitar da shi, ya rikita masa alƙibla, ya maido shi. Sau da yawa ɓeran yakan je ya tona a gurbin da ke kishiyar na gaskiya, inda dogon bango da gajere suka haɗu iri ɗaya, bai kula da adon da zai raba masa gardama ba. Da horo mai tsawo a wuri ɗaya dai yakan koyi amfani da adon.

Yaushe ne ake yin duk wannan karatu? A lokacin da mai kallo zai ce ɓera shawagi kawai yake. Ka saki ɓera a sabon fili ka zauna shiru. Zai zaɓi wani wuri, galibi kusurwa ko gindin wani abu, ya mayar da shi masauki, a nan zai tsaya yana lasar jiki. Daga nan zai fita a hankali, ciki a ƙasa, gashin baki na shafar bango, ya ɗan tsaya, ya miƙe tsaye ya duba, ya ƙara gaba kaɗan, sai kuma ya juyo ya koma masauki a guje ba tsayawa. Fita ta gaba ta fi ta baya nisa. Kowace komawa dama ce ta gwada lissafin jiki da abin da ido ya gani. In ya saba da wurin ka matsar da abu ɗaya daga cikin kayan da ke ciki, shi zai nufa ya yi ta sansanawa, ya bar sauran. Bayan ya kwanta ma aikin bai tsaya ba. A 1994 Matthew Wilson da Bruce McNaughton suka nuna cewa ƙwayoyin wurin da suka yi aiki tare a lokacin yawo sukan sake yin aiki tare a cikin barci, kuma binciken da ya biyo baya ya nuna katse wannan maimaici yana rage saurin koyon wuri.

'Ya'yan ɓera sun ba da amsa mafi sauƙi ga tambayarka ta haihuwa ko koyo. Idonsu yana buɗewa ne wajen kwana 14 ko 15. Tun kafin nan ana samun ƙwayoyin alƙibla suna aiki, sai dai ba su da abin kamawa, alƙiblar tana ta zamewa. Cikin kwana ɗaya da buɗe ido sai su daidaita, su fara bin alamomi. A bahon ruwa kuma ɗan ɓera mai kwana 17 yana iya zuwa dakalin da yake gani, amma gano ɓoyayye daga alamomin ɗaki sai wajen kwana 20 ko 21.

Na ce za mu dawo kan Watson. A 1996 Mark Packard da James McGaugh suka yi amfani da dandali mai rassa huɗu. Kullum ana sakin ɓera daga kudu, abinci yana yamma, wato ya juya hagu. A rana ta 8 suka sake shi daga arewa. Yawancin ɓerayen suka juya dama suka tafi yamma, wurin da abincin yake bisa alamomin ɗaki. Aka ci gaba da horo, a rana ta 16 aka sake gwadawa daga arewa, sai yawancinsu suka juya hagu suka tafi gabas, inda babu komai. Sabo ya karɓe ragama. Amma da aka ɗiga maganin kashe zafi a sashen ƙwaƙwalwar da ke riƙe da sabo, aka sa shi barci na ɗan lokaci, sai ɓerayen suka koma tafiya yamma. Taswirar tana nan ba ta goge ba, an dai daina tambayarta ne. Watson ya ga ƙarshen koyo, Tolman ya ga farkonsa.

Malamanka da suka ce hanci da gashin baki ba su yi kuskure ba. Ɓerayen da suka makance tun suna jarirai suna da ƙwayoyin wuri masu aiki daidai, suna kafe taswirarsu da abubuwan da suke taɓawa da sansanawa. Gwaje-gwajen Ian Whishaw a Kanada sun nuna jeri: idan ɓera zai koma maɓoyarsa da abinci kuma akwai haske, ido yake sa wa gaba, in an rufe idon ya bi wari, in babu warin ya dogara da lissafin jiki. Kusan duk wannan bincike a kan nau'i ɗaya aka yi shi, ɓeran da masana ke kira na Norwe, wanda aka daɗe ana kiwo a ɗakunan gwaji.

'Yan'uwansa da ke rayuwa a sito da kwata sun ƙara da wani hali da ya samo tushe daga wannan sanin wuri. A lokacin yaƙin duniya na biyu, masanan Jami'ar Oxford da aka ɗora wa aikin kare abincin Birtaniya daga ɓarna, cikinsu har da Dennis Chitty, sun lura cewa ɓeran da ya san wuri yana ƙaurace wa duk sabon abin da aka ajiye a hanyarsa, wani lokaci kwana da kwanaki. Ko kwanon da ya saba ci a ciki aka matsar, yakan ja baya. Abin da ya sa ya gane sabon abu ne, ai don ya san yadda wurin yake jiya. Daga nan aka samo dabarar da masu yaƙi da ɓera ke bi har yau: a ajiye tarko a jikin bango inda sawunsa da kashinsa suke, a sa masa abinci ba tare da an ɗana ba, a bar shi a wurin kada a taɓa, kada kuma a yi ta kawar da buhunan da ke kewaye. Sai an ga abincin yana ƙarewa dare biyu ko uku a jere, sannan a ɗana.